Kilo nawa ne ledar makarantarmu?

A kusurwar katangar makarantarmu ta kudu maso yamma akwai wata tsohuwar aduwa da ɗalibai suka laƙaba wa suna mai furen leda, domin duk shekara idan hunturu ya kankama, iskar da ke bugowa daga arewa maso gabas takan share fili ta kai mata duk baƙar ledar da ta samu, ƙaya kuma ta riƙe, har mai wucewa ta bakin titi ya ɗauka shanya aka yi a kanta. Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a nan Yamai, wajen Bukoki, ba nisa da kasuwar Katako, kuma na yi shekaru ina wucewa ta gindin bishiyar nan ban taɓa tsayawa ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani taron malamai da muka yi a farkon Disamba, inda darakta ya ce leda ta yi yawa a makaranta, kowa ya gyaɗa kai, aka kawo shawarar da aka saba, wato a ware wata Asabar a yi gayyar shara. Sai na tambaya, da sigar wasa, ko akwai wanda zai iya cewa nawa ce ledar. Wani abokin aikina ya ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Aka yi dariya, taro ya wuce zuwa maganar jarrabawa, ni kuwa tambayar ta bi ni har gida.

A makon ne nake shirin fara darasin ƙididdiga da ƴan ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar kammala kwaleji ta BEPC, kuma misalan da muka saba ba su ba sa wuce makin jarrabawa da tsawon ɗalibai da lambar takalmi, abubuwan da babu wanda ya damu da amsarsu, har shi malamin. Darakta ya amince mu yi darasin a kan leda, amma kafin a taɓa ko ɗaya sai da na warware wata matsala da ba ta shafi lissafi ba. A makarantunmu tsintar shara horo ne. Wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake turawa ya tsince fili, saboda haka yaron da aka gani sunkuye yana tara leda, kowa ya san laifi ya yi. Na gaya musu babu wanda za a tilasta wa, babu kuma wanda za a sa saboda laifi, sannan ni na fara sa safar hannu na sunkuya a gabansu. Duk malamin da zai gwada wannan aiki, kada ya fara sai ya tanadi safar hannu da sabulu, ya kuma hana yara taɓa fasasshiyar kwalba ko abin da ya fito daga bayan gida.

Gwajinmu na farko shi ne wanda kowa zai fara kawowa a ransa. Muka share fili kaf, muka ware leda da roba daga takarda da ganye, muka cusa a buhunan shinkafa, muka rataya a sikelin ƙugiya da na aro wurin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa a Katako. Allurar ta nuna nauyin da ya sa ɗalibai suka yi shewa, har wasu suka fara ninkawa da kwanakin shekara. Tsohon da ke gadin makaranta yana kan bencinsa yana kallonmu, sai da muka gama ya kira ni yadda ake kiran malami a nan, ya ce, "Mushe, Allah ya ba ka haƙuri, ai yau ƙasar Yamai kuka auna, ba leda ba." Na ce, "Kamar yaya, Baba?" Ya zaro ledar fiyawata ɗaya daga buhu ya zazzage ta, sai ga rairayi ya cika masa tafin hannu, wata da sauran ruwa a cikinta, ta ƙosai kuma ta sha mai ƙura ta liƙe mata. Da muka ɗebi kaɗan muka wanke, muka shanya a rana, muka sake aunawa, nauyin ya zube ƙwarai, ban da na buhun kansa da muka manta ba mu cire ba. Tun daga ranar, in na ji an ce an kwashe tan kaza na leda a wani wuri, nakan so in san ko a bushe aka auna ta kuma a kakkaɓe.

Matsala ta biyu ta fi ta farko wuyar gani. Abin da muka share ba na rana ɗaya ba ne, ba kuma namu ne duka ba. Akwai ledar da ta yi watanni a gindin katanga har rana ta cinye ta tana marmashewa a hannu, akwai ledar omo da ta taliya waɗanda babu mai sayar da su a ƙofar makaranta, iska ce ta tsallako da su daga gidajen maƙwabta, kamar yadda take tsallakawa da tamu zuwa gidajen da ke yamma da mu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gorar roba. Kullum ina ganin ɗalibai da gorunan lemo da na bisab, wato zoɓo, a hannu, amma a tsibin shara da ƙyar muka samu ƴan kaɗan, su ma matsattsu ko fasassu. Baba ne ya sake warware mana: gora kuɗi ce, kafin a tashi yara ƙanana sun tsince ta sun kai wa masu bisab da lemun citta da man gyaɗa, wata ma mai sayarwar ce ke karɓar abarta da zarar an shanye. Ke nan tsibin shara ba ya nuna abin da makaranta ta yi amfani da shi, sai dai abin da babu wanda ya ga amfanin ɗaukarsa.

Sai muka sake tsari. Ranar Asabar muka share fili ba tare da lissafi ba, domin Litinin ta same shi fes, daga nan kuma kowace rana, bayan hutun ƙarfe goma da bayan an tashi, rukuni ɗaya ya zaga ya tara abin da ya faɗi a ranar kaɗai. Muka ajiye sikelin ƙugiya muka koma ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kowane iri da tsibinsa, ledar ruwa daban, baƙar leda da farar ledar abinci daban, ta ƙanƙara da ta yawur daban, bawon alewa da biskit daban, sai tarkacen aji irin su mataccen biro da karyayyar rula da yagaggiyar rigar littafi. Don samun nauyi kuwa, muka wanke guda 100 na kowane iri, muka busar, muka auna a ƙaramin sikelin ɗakin gwaje-gwaje, muka raba da 100. Da wannan, wanda ya san adadi ya san nauyi ba sai ya sake auna yashi ba, kuma ɗalibai suka gane da kansu dalilin da ya sa ba a auna leda ɗaya tak a dogara da ita, abin da na sha bayani a allo da sunan matsakaici bai taɓa shiga ba.

A nan ne ƙirga da sikeli suka raba hanya. Karyayyar kujerar roba guda ɗaya da muka tsinta a bayan aji ta rinjayi ɗaruruwan ledoji a kan sikeli, alhali kujerar tana nan inda aka yar da ita, iska ba ta ɗaukarta, akuya ba ta haɗiye ta, ba ta kuma zuwa ta toshe kwata. Ledar fiyawata kuwa ba ta wuce ƴan giram ba idan ta bushe, amma ita ce tsibi mafi girma a kowace rana ta makon, baƙar leda na bi mata. Wanda ya ba da rahoto da kilo kaɗai zai sa abin da ya fi ɓarna ya zama kamar ba komai ba, wanda kuma ya ba da adadi kaɗai ba zai iya amsa tambayar farko da mai sayen roba zai yi masa ba, tun da shi da kilo yake ciniki. Saboda haka a takardarmu kowane iri yana da gurbi biyu, kuma na hana ɗalibai su ambaci ɗaya su bar ɗayan.

Malamar kimiyya ce ta ƙara mana gurbi na uku. Ta nuna wa yara ƴar alamar nan mai kusurwa uku da ake bugawa a gindin kayan roba, da lamba daga 1 zuwa 7 a cikinta: 1 ita ce PET, robar gorar ruwa da ta lemo, 2 mai kauri irin ta jarka, 3 PVC ta bututun ruwa, 4 mai laushi irin ta ledar ruwa, 5 kuma ta bokitai da kofuna da yawa. Tun da mafi yawan abin da muka tara ba shi da alama, sai ta kawo bokitin ruwa, ta yanka guntun gora ta jefa, ya nutse, ta jefa murfin gorar da guntun leda, suka taso sama, domin PET ta fi ruwa nauyi, su kuwa ba su kai shi ba. Masu narkar da roba ba sa son a cakuɗa musu iri da iri, tun da kowane iri da zafin da yake narkewa, bawon biskit mai ƙyalli a ciki kuwa, wanda roba da alminiyam ne a manne, ko kyauta babu mai karɓarsa.

Duk da haka ƙirgar fili rabin labari ce, domin abin da ya faɗi take nunawa, ba abin da ya shigo ba. Ledar makaranta ta ƙofa take shigowa, daga hannun matan da ke jere da kwanukansu a inuwar katanga, masu ƙosai da fanke da awara da dambu da kwaɗon zogale, da masu kular ruwan sanyi. Na je wurin wadda ta girme su, na gaishe ta, na ce muna so mu san leda nawa suke ƙullawa a rana. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, in haraji za a aza mana ka faɗa mini tun yanzu, in kuwa korarmu za a yi daga bakin ƙofar nan, gara mu sani mu nemi wani wuri." Na ce, "Ko ɗaya babu, Inna, darasin yara ne, kuma sunan kowa ba zai shiga takarda ba." Sai da ta kwana biyu tana nazarina kafin ta saki jiki, da ta saki kuwa sai na tarar lissafinta ya fi namu inganci. Ta san ƙunshin leda nawa take saya a mako, ta san kwana nawa ƙunshi ke yi mata, mai ruwa kuma ta san jaka nawa take zubawa a kula da safe da guda nawa ke komawa gida, domin kowace leda kuɗi ce da ta fita daga ribarta.

Tsoron nata ba na banza ba ne. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar take da doka mai lamba 2014-63 wadda ta haramta ƙera ledoji marasa kauri da shigo da su da sayar da su da amfani da su da ajiye su, amma duk mazaunin Yamai ya san baƙar leda ba ta bar kasuwa ba. Har gobe mai tumatir zai ƙulla maka na dala goma a leda, ya saka ledar a cikin wata ledar. Ruwanda ta yi irin wannan doka a 2008, Kenya ta yi tata a 2017 da tara mai tsanani har da ɗauri, kuma a can an ga canji a tituna saboda an bi doka da aiki. Ra'ayina shi ne, ko da za a tsaurara tamu gobe, ba daga kan mai ƙosai ya kamata a fara ba, matar da ba ita ke ƙera leda ba, ba ita ke shigo da ita ba, kuma in ta ce ba ta da leda yaron zai matsa wurin ta kusa da ita ne. Lokacin ƙuruciyarmu a Adar da kwano ake aikenmu sayen ƙosai, tsire kuma a takarda ake naɗe shi, amma ban ga amfanin yi wa yaran yau gorin wancan zamani ba, tun da mu ne da muka girma muka daina ɗaukar kwanon.

Da muka ajiye lissafin ƙofa kusa da lissafin fili, sai ga giɓi, kuma kowace rana, domin abin da aka sayar ya fi abin da muka tsinta. Wani ɗalibi ya ce kuskuren ƙirga ne, na ce mai yiwuwa, amma ya fara leƙa bayan katanga. Wani ɓangare yana fita a hannun yara a yar da shi a hanyar gida, wani iska ta kai wa aduwa ko ta tsallake da shi, wani ya faɗa kwatar da ta bi gefen makaranta, inda zai kwanta har damina. Ruwan farko shi ke kwasar abin da rani ya tara ya cusa a bakin ƙananan gadoji, abin da ya wuce kuma ya gangara irin kwarin Gunti Yena da ya ratsa gari ya faɗa kogin Isa, wato kogin Neja. Ba na cikin masu ɗora wa leda kowace ambaliya. Wadda ta ci unguwannin bakin kogi a 2020 cikar kogi ce. Amma ruwan da ke kwanciya a lungunanmu bayan ruwan sa'a ɗaya, ya yi kwanaki sauro na hayayyafa a cikinsa, wannan kam da hannun leda a ciki. Sai kuma rabon dabbobi. Leda mai ƙanshin mai da gishiri abinci ce a wurin akuya da tunkiya, cikinsu kuwa ba ya narkar da ita, sai ta taru ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ciki a kumbure, kuma wata shekara a ragon layyar gidanmu na ga irin wannan dunƙule da idona. Abin da ya rage a fili kuwa, kafin mu fara wannan aiki, Baba ne ke tara shi ya cinna masa wuta duk yammacin Juma'a. Ban ga laifinsa ba, domin ba a ba shi wata hanya ba, amma hayaƙin roba guba ne, musamman in da PVC a ciki, kuma ta tagogin maƙwabta yake bi.

Ba zan kawo alƙalumanmu a nan ba tukuna, domin na yi wa ɗalibai alkawarin su za su fara gabatar da su a gaban iyayensu, kuma mako ɗaya na hunturu ba ya wakiltar shekara. Amma ga lissafin misali wanda kowa zai iya sauya lambobinsa da na makarantarsa. A ce makaranta tana da ɗalibai 600, kowanne yana shan ledar ruwa 2 a rana. Ke nan leda 1,200 a rana, 6,000 a makon karatu mai kwana biyar, 180,000 a mako 30. In aka ɗauka kowace leda giram 3 ce, nauyinsu duka kilo 540 ne, bai kai na buhun shinkafa 11 masu kilo 50 ba, abin da ba zai tayar wa kowa hankali ba. Amma a kan dala biyar-biyar, wato sefa 25, kuɗin da ya fita daga aljihun iyaye ya kama miliyan 4 da rabi. Kowace leda rabin lita ce, saboda haka ruwan da aka sha lita 90,000 ne, kuma duk lita 1,000, wadda ita ce ma'aunin da ake rubuta kuɗin famfo da shi, an saye ta a kan jika 50, wato sefa 50,000. Mai takardar kuɗin ruwa a gida ya ɗauko ta ya kwatanta. Ranar da na rubuta irin wannan lissafi a allo, a layin kuɗi ajin ya yi tsit, kuma daga nan maganarmu ta tashi daga shara ta koma kan famfon makaranta, wanda kansa ɗaya ne ga ɗaruruwan yara, ya kuma fi yawan kwana a lalace ko ba ruwa. Yaron da hutunsa ƴan mintoci ne ba zai tsaya layi ba in da dala biyar a aljihunsa, balle ruwan kula mai sanyi ne, na famfo kuwa da rana kamar an dafa shi.

Na nuna musu alƙaluman duniya ma. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 an ƙera roba tan biliyan 8.3, kuma daga cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 yana juji ko yana warwatse a ƙasa da ruwa. Yara suka kwafa a littafi kamar yadda suke kwafar tsawon kogin Nilu. Kashi 9 ɗin ne kawai ya jawo tambaya, domin da yawansu sun ɗauka a ƙasashen Turawa duk robar da aka yar masana'anta take komawa. Akwai masu narkar da leda su cuɗa da yashi su yi tubalin daɓen hanya, a nan Nijar ma ana yi, a Kodebuwa kuma a 2019 UNICEF ta haɗa kai da wani kamfanin Kolombiya don gina azuzuwa da tubalin tsohuwar roba. Sai dai rabin tan a shekara, irin na misalin da na kawo, ba zai sa kowa ya riƙa turo mota ba, sai in makarantun unguwa sun haɗa nasu wuri ɗaya, a ware kuma a bushe.

A rana ta huɗu ta makon ƙirgarmu wata ɗaliba daga cikin masu shiru-shirun aji ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, kwandon ɗakin malamai fa, shi ba ya cikin makaranta?" Ba ni da abin cewa sai dai yana ciki. Muka nemi izini muka juye shi a tabarma, sai ga ledar ruwa, ga ledar abinci ninki biyu-biyu, ga ta sukari da ta ganyen shayi, ga kofunan kofi na roba, kuma da aka raba adadin da yawanmu, malami ɗaya ya fi ɗalibi ɗaya. Wani abokin aiki bai ji daɗi ba, ya ce na sa yara suna tonon asirin manya, ni kuwa ban ga yadda zan koyar da ƙididdiga in ce a tsallake ɗakin da nake zama ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne shawarar a jera azuzuwa daga mai tsabta zuwa mai ƙazanta a liƙa a allon sanarwa. Yawan ledar yaro yana bin yawan kuɗin da aka ba shi da safe, kuma yaron da bai yar da leda ko ɗaya ba, sau da yawa shi ne wanda bai ci komai ba har aka tashi.

Yanzu muna jiran zaman kwamitin iyaye da malamai mai kula da makaranta, wanda kowa ke kira COGES, inda ɗalibai za su nemi a gyara famfo a ƙara masa kawuna, a kuma kafa randuna masu famfo a gindi a inuwar bedi, kowane yaro ya zo da gorarsa. Na san ƙorafin da za a yi, kuma yana da tushe: moɗa ɗaya ga yara ɗari hanyar yaɗa cuta ce, randar da ba a san mai wanke ta da mai cika ta ba kuwa, mako biyu ya ishe ta zama tukunyar sauro. Akwai kuma masu kular ruwa, waɗanda da dala biyar ɗin nan suke ciyar da gida. Inna ce ta kawo shawarar da ban yi tunaninta ba, cewa su riƙa kawo ruwan sanyi a babbar kula suna ɗura wa yaro a gorarsa a kan kuɗin da bai kai na leda ba, ko da yake mai ruwan da ke kusa da ita ba ta ce komai ba tukuna. Za mu sake ƙirga a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 leda biyu ba ta isar yaro, mu kuma yi wata a farkon Yuni kafin jarrabawa. Baba ya daina ƙonawa, yana tara mana buhunan a ɗakin ajiya, yana kuma tuna mini kullum cewa wuri ya kusa cika. Aduwar kuwa mun kakkaɓe ta da doguwar gora ranar Asabar ɗin farko, kuma ɗaya daga cikin yaran ya ja wani sabon gurbi a gefen takardarsa, inda yake rubuta adadin ledar da ta kama duk ranar Litinin.